Kwandalar Gini ta zinare: asalinta, dalilin daina buga ta, da abin da take yi a kasuwa yau

Tambaya: Malam, a cikin kayan da mahaifinmu ya bari akwai wata kwandala mai launin zinare. Gefe ɗaya kan wani Bature ne da rubutu GEORGIVS III DEI GRATIA. Ɗaya gefen kuma garkuwa ce mai tsini a ƙasa, da kambi a samanta, da shekarar 1791. Wani maƙerin zinare ya ce sunanta Gini, zai saya a kan nauyi ya narkar. Wata ƙawata ta ce irin junaihin da ake sayowa a Makka ne. Mece ce gaskiyarta, me ya sa ba a yin ta yanzu, kuma tana da darajar da ta wuce nauyinta?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kafin mu shiga tarihi, ga abin da ya fi gaggawa: kada ki yarda a narkar da ita, kada a goge ta da komai, kada a gurza ta a dutsen gwaji ko a ɗiga mata ruwan gwajin zinare. Duk waɗannan gwaje-gwajen suna barin tabo, kuma a wajen tsohon kuɗi tabo asara ne da ba ya gyaruwa. Akwai hanyar gane gaskiyarta ba tare da an taɓa lafiyarta ba.

Ki nemi sikelin da ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin na masu sayar da gwal. Gini ta gaskiya ta wancan zamani tana fitowa daga gidan buga kuɗi da nauyin kusan giram 8.4, faɗinta kuma wajen milimita 24. Wadda ta sha hannu za ta iya sauka zuwa 8.3 ko 8.2. Idan kika ga sikeli ya tsaya a giram huɗu ko biyar alhali faɗin ya yi daidai, to tagulla ce, domin zinare mai karat 22 ya ninka tagulla nauyi. Ina fara miki da wannan ne saboda irin wadda kika kwatanta ita ce aka fi kwaikwaya a duk tsofaffin kuɗin Ingila. A ƙarni na 19 masana'antun birnin Birmingham sun yi ta buga kwafinta na tagulla ba adadi, don 'yan wasan karta su riƙa lissafi da su a kan tebur, wasu kuma don tallar kantuna. Ba a yi su da nufin cuta ba, amma bayan shekara ɗari da hamsin sun bazu a duniya, suna shiga akwatunan gado, magada suna ɗauka zinare ne. Cikin waɗanda ake kawowa a duba, na tagullar sun fi na gaskiyar yawa nesa ba kusa ba.

Rubutun bayan kwandalar ma yana tona asiri. A jikin ta gaskiya za ki ga jerin haruffa da ɗigo a tsakaninsu kamar haka: M B F ET H REX F D B ET L D S R I A T ET E. Taƙaitattun muƙaman sarkin ne da Latin: sarkin Birtaniya da Faransa da Ayalan, mai kare addini, sannan sarautunsa na ƙasar Jamus. Har 1801 sarakunan Ingila ba su daina kiran kansu sarakunan Faransa ba, shi ya sa za ki ga furanni uku na tambarin Faransa a kusurwar dama ta saman garkuwar. Na tagullar kuwa, wasu an rubuta musu IN MEMORY OF THE GOOD OLD DAYS, wasu an jera haruffan sunan maƙerin da garinsu da ɗigo-ɗigo don su yi kama da na asali, wasu kuma shekararsu ba ta yiwuwa sam, kamar 1701 ko 1768. Gini mai wannan garkuwa, wadda Turawa ke wa laƙabi da mai shebur saboda siffar garkuwar, daga 1787 zuwa 1799 kaɗai aka buga ta. Shekararki ta 1791 ta faɗa cikin wannan tsakani, alama ce mai kyau, amma ba ta isa hujja ba.

Kada ki dogara da mayen ƙarfe, domin tagulla ma ba ta binsa. In kina son ƙarin tabbaci a gida, ki ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikelin, ki mai da lambar sifiri, ki ɗaure kwandalar da siririn zare ki nutsar da ita tana reto, ba ta taɓa gindin kofin ko gefensa ba. Gini ta gaskiya za ta sa sikelin ya nuna wajen 0.47 ko 0.48. Ki raba nauyinta da wannan lamba. In amsar ta kai 17 da ɗoriya, zinare ne mai karat 22. Tagulla ba ta kaiwa tara.

Maganar ƙawarki kuma, ta kusa amma ba ta dace ba. Junaihin da mahajjata ke sayowa a Makka da Jidda da Dubai giram 8 ne, yawanci karat 21, kuma kwaikwayon wata kwandala ce daban da ta gaji Gini, wadda zan zo kanta a gaba. Maƙeran can ne ke buga shi don ajiya da kwalliya, farashinsa nauyinsa ne da ɗan ladan aiki. Sunan dai daga Gini ya samo asali, kamar yadda sunan kuɗin Masar da na Sudan ya samo, amma abu biyu ne mabambanta.

An fara buga Gini a 1663, shekara uku bayan Sarki Charles na Biyu ya dawo gadon sarautar Ingila. Kafin nan da guduma ake buga kuɗi, gefensu ba ya daidaita, don haka mutane kan sa almakashi su ɗan yanke gefen su tara, ba a ganewa. Gini tana cikin kuɗin zinare na farko da Ingila ta mayar wa injin kacokan, da zane-zane a bakin gefenta don duk wanda ya rage ta a gani. Wani ƙwararren mai sassaƙa hatimi, John Roettiers, shi ya zana kan sarkin. Ƙa'idar nauyinta ita ce a fitar da guda 44 da rabi daga laba ɗaya ta ma'aunin zinare, wato giram 373, kuma kashi 11 cikin 12 na jikinta zinare ne tsantsa. Kowace ɗaya ke nan tana ɗauke da kusan giram 7.7 na zinare, wato kusan rubu'in oza. Daga fara buga ta zuwa ranar da aka daina, shekara 150 ce cif.

Hukuma ba ta raɗa mata suna Gini ba da farko, kwandalar sule ashirin ce kawai. Jama'a ne suka laƙaba mata sunan, domin zinaren da aka fara buga ta da shi daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma ya fito, yankin da Turawa ke kira Gini gaba ɗayansa, musamman bakin tekun ƙasar Gana ta yau. A nan ne labarin ya shafe mu. Zinaren ƙasar Akan tun kafin zuwan Turawa arewa yake yi, fatake Wangarawa suna ɗaukar sa ta Begho zuwa Jenne da Tambutu, daga nan ya tsallaka Sahara. Yankin da fataken goro na ƙasar Hausa suka sani ne ta hanyar Gwanja. Da mutanen Fotugal suka gina ganuwar Elmina a 1482, sai wani kaso na zinaren ya juya ya fara bin teku. Mutanen Holan suka ƙwace Elmina a 1637, Ingilishi kuma suka kama Cape Coast a 1664 suka mai da ita hedkwatarsu.

Kamfanin da ke kawo wa Landan wannan zinare shi ne wanda daga 1672 aka sani da Royal African Company, kuma ƙanen sarki, James, wanda shi ma ya yi sarauta daga baya, shi ne shugabansa. An ba kamfanin izini a sa tambarinsa a kan kuɗin da aka buga da zinarensa. Shi ya sa in kika duba wasu Gini na farko, a ƙarƙashin wuyan sarki za ki ga wata 'yar ƙaramar giwa, da haurenta da hancinta a lanƙwashe, ba ta kai ƙwayar shinkafa girma ba. Daga tsakiyar shekarun 1670 aka ɗora wa giwar hasumiya a baya. Tsakanin 1673 da 1713 an buga Gini fiye da rabin miliyan da zinaren wannan kamfani, kuma 1726 ce shekara ta ƙarshe da giwar ta fito. Masu tara kuɗi suna son wannan giwa ƙwarai, suna biyan ninkin kuɗin wadda ba ta da ita. Ni kam ba na iya kallon ta da sha'awa zalla. Kamfanin da ya kawo zinaren shi ne ya yi jigilar 'yan Afirka fiye da dubu ɗari a cikin jiragensa zuwa gonakin rake na Barbados da Jamaika. Ganuwar da aka auna garin zinare a samanta, a ƙarƙashinta aka tsare mutane cikin duhu suna jiran jirgi. Duk ɗan Afirka ta Yamma da zai riƙe Gini mai giwa ya kamata ya san abin da ya riƙe, kuma a ganina wannan dalili ne na a adana irinta, a nuna wa yara, maimakon a bar ta duk a hannun wasu.

Taki ta 1791 ba lallai ne zinaren Afirka ba. A ƙarni na 18 mafi yawan zinaren da ke shiga Landan daga Burazil yake, ta hannun Fotugal, ga kuma tsofaffin kuɗin da aka yi ta narkarwa ana sake bugawa. Sunan ne ya zauna bayan tushen ya sauya.

Abin da ya fi ba mutane mamaki game da Gini shi ne darajarta ta sule 21, lambar da ba ta da daɗin lissafi. Ba haka aka nufa ba. Sule ashirin aka yanka mata, fam ɗaya daidai. To amma a lokacin azurfa ce ma'aunin kuɗin Ingila, zinare kuwa kasuwa ce ke yanka masa farashi, sai Gini ta fara hawa. Sulallan azurfar da ke yawo an yanke su an rage har wasu sun kusa komawa rabin nauyinsu, ga yaƙi da Faransa yana cin kuɗi, sai kowa ya gudu zuwa zinare. A 1695 Gini ɗaya ta kai sule 30. Aka yi babban garambawul na kuɗin azurfa a 1696, majalisa ta yi ta danne farashin har ya dawo sule 22, daga baya 21 da sisi. A 1717 Isaac Newton, masanin kimiyyar nan, wanda a lokacin shi ne shugaban gidan buga kuɗi, ya rubuta wa baitulmali rahoto cewa azurfa na ficewa daga ƙasar saboda an yi wa zinare tsada. A watan Disamba na shekarar aka yi shela cewa Gini sule 21 ce, ba ƙari. Ko a hakan zinaren ya ɗan fi yadda yake a sauran ƙasashen Turai tsada, don haka 'yan kasuwa suka ci gaba da fitar da azurfa suna shigo da zinare. Ta wannan hanya Ingila ta zame ta koma kan ma'aunin zinare, wato zinare ya zama ma'aunin kuɗinta maimakon azurfa, ba tare da wani ya zauna ya shirya hakan ba. Farashin da wannan lissafi ya haifar, fam 3 da sule 17 da kwabo 10 da rabi a kan kowace oza ta zinare mai karat 22, shi ya zauna a hukumance, ban da lokutan yaƙi, har 1931.

Zanen gefen bai hana masu rage ta ba gaba ɗaya. Wasu sun ƙware wajen cin gefen da magagari su sake yi masa zane. A shekarun 1760 wani gungu a kwarin Cragg Vale na yankin Yorkshire ya mai da abin sana'ar gari guda, suna karɓar Gini daga masu shaguna su yanke gefe, su tara ɓarɓashin su buga jabun kuɗi. Sun kashe jami'in da ke bincikensu a 1769, aka rataye shugabansu David Hartley a York a 1770. Bayan wannan ne, daga 1773 zuwa 1776, gwamnati ta janye miliyoyin Gini marasa cikakken nauyi ta narkar ta sake bugawa, aka kuma kafa doka cewa wadda ta gaza wajen giram 8.3 ba dole ne a karɓe ta a cikakken farashi ba. 'Yan kasuwa suka koma yawo da ɗan sikeli mai naɗewa a aljihu. Wannan narkarwar ita ce babban dalilin da ya sa Gini na sarakunan farko suka yi wuya yau, na George na Uku kuma suka yi yawa.

Yaƙi ne ya kashe ta. An fara gwabzawa da Faransa a 1793, zinare ya yi ta fita don biyan soja da tallafa wa ƙasashen ƙawance. A watan Fabrairun 1797 wata 'yar rundunar Faransa ta sauka a Fishguard da ke Wales. Ba ta yi wani tasiri ba, amma labarin ya firgita jama'a, suka yi cincirindo a bankuna kowa na neman a canza masa takarda da zinare. Gwamnati ta hana Bankin Ingila biyan zinare, aka fito da takardun fam ɗaya da fam biyu. Duk mai Gini ya ɓoye abarsa, wadda ta fito kuma a tsallaka da ita Faransa a sayar da riba. Buga ta ya zama aikin banza, sai aka tsaya a 1799, aka ci gaba da 'yan ƙananan kawai, rabin Gini da sulusinta mai sule bakwai. Sau ɗaya aka sake buga cikakkiya, a 1813, don biyan buƙatun rundunar janar ɗin Birtaniya Wellington da ke yaƙi a kan iyakar Sifen da Faransa, inda mutanen gari suka ƙi karɓar takarda. Ita ake kira Gini ta soja, garkuwarta tana cikin zagayen ɗamara, kuma ita ce auta. A lokacin Gini ɗaya tana cin wajen sule 27 na takarda a bayan fage.

Da yaƙi ya ƙare, dokar kuɗi ta 1816 ta ɗora Birtaniya kan ma'aunin zinare a hukumance. An so a dawo da Gini, amma kusan shekara ashirin mutane sun saba da takardar fam ɗaya mai sule ashirin, ba mai son komawa lissafin 21. Sai a 1817 aka fito da sabuwar kwandala mai suna sovereign, fam ɗaya daidai, mai hoton mahayin doki yana sukar dodo. Nauyinta giram 7.99, wato kashi 20 cikin 21 na Gini, zinaren iri ɗaya. Ita ce uwar junaihin Makka, kuma ita kakanninmu suka iya gani a zamanin Turawa. Lokacin da Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gini ta shekara casa'in da mutuwa, don haka ba ta taɓa zama kuɗin kashewa a ƙasar Hausa ba. Duk wadda aka samu a nan, wani ne ya shigo da ita a matsayin tsaraba ko ajiya.

Kwandalar ta tafi amma lissafinta bai tafi ba. Har 1971, likitoci da lauyoyi da telolin manya a Ingila da Gini suke yanka kuɗin aikinsu, wato fam ɗaya da sule ɗaya, don ana ganin ya fi mutunci. Har gobe a gwanjon dawakin Tattersalls da ke Newmarket da ita ake taya doki, kowace ɗaya fam 1.05, kuma a al'ada sulen nan na sama shi ne la'adar dillali. Manyan sukuwar dawaki biyu na garin, na Gini 2000 da aka fara a 1809 da na Gini 1000 da aka fara a 1814, suna nan da sunayensu.

Darajarta a yau hawa biyu ce. Na ƙasa shi ne zinaren jikinta: ki ninka giram 7.6 da farashin giram ɗaya na zinare tsantsa a ranar, kada ki karɓi abin da ya gaza haka da yawa ko daga wa. Maƙerin da ya taya ba cutar ki yake so ya yi ba, sana'arsa nauyi ce, ba ruwansa da shekara. Hawa na sama shi ne abin da masu tara tsofaffin kuɗi za su ƙara, kuma wannan ya dogara da ƙarancinta da lafiyar jikinta. Gaskiyar da zan gaya miki ita ce 1791 ba ta cikin masu wuyar samu. Idan ta sha hannu, ƙarin da za a yi miki a kan zinaren matsakaici ne. Idan kuwa tana nan garau kamar ba ta yi yawo ba, tana iya ninka kuɗin zinarenta, ko fiye.

Ga yadda ake duba lafiyar. Ki riƙe ta ta gefe da yatsu biyu, a saman tawul, kusa da taga, da madubin ƙara girma. A kan sarkin akwai rawanin ganye. Ganyayen da ke saman kunne da gashin da ke kusa da su su ne suka fi tudu, su ke fara cinyewa. In kina iya ganin jijiyar tsakiyar kowane ganye, kwandalar tana da sauran ƙuruciya. In ganyen ya haɗe da gashi ya zama sumul, ta tsufa a aljihu. A baya kuma ki duba igiyoyin garayar Ayalan a kusurwar hagu ta ƙasa, da fuskokin zakunan, da duwatsun kambin. Daga nan ki juya gefen, daidai saman kan sarki. Mutanen zamanin Sarauniya Victoria sun so rataya irin wannan Gini a sarƙar agogonsu, don haka da yawa an taɓa liƙa musu zobe da wuta, daga baya aka cire. Za ki ga zanen gefen ya katse a wurin, ko an sake yin sa da hannu bai yi daidai da sauran ba, ko launin ya sauya, ko fuskar kwandalar ta yi ƙuraje-ƙuraje saboda zafi. Wadda aka yi wa haka, ko wadda aka huda, kusan farashin zinarenta take komawa. Akwai kuma wasu siraran layuka a jere da kan ratsa fuskar wasu; waɗannan daga gidan buga kuɗin suke, inda ake cin falle da magagari don daidaita nauyi kafin a buga, kuma ba a ɗaukar su babban aibi. Wadda aka goge da man goge ƙarfe kuwa tana wani irin ƙyalli mara rai, da ƙananan ƙarce ta ko'ina, kuma mai saye yana gane ta daga nesa. Dattin shekara ɗari biyu da ke maƙale tsakanin haruffa shaida ne a wajensa, ba ya son a cire.

Jabun da ke da hatsari shi ne wanda aka buga da zinare na gaske, nauyi daidai, don a ci kuɗin tsufa. Shekarar 1798 ce aka fi yi wa haka. Irin wannan sai ƙwararre, ko kamfanonin tantancewa irin su NGC da PCGS, waɗanda ke duba kwandala su ba ta maki daga 1 zuwa 70 su rufe ta a cikin roba mai lamba. Ga kwandala mai tsada kuɗin tantancewar ya cancanta. Ga wadda ta cinye sosai, bai zama dole ba.

Masu tarawa kowa da hanyarsa. Wasu suna neman guda ɗaya daga kowace sarauta cikin takwas: Charles na Biyu, James na Biyu, William da Mary da kawunansu biyu a jere, William shi kaɗai, Anne, sai George uku. Wasu suna bin shekaru 13 na mai shebur, inda 1796 da 1799 kan ba da wahala. Masu ƙarfin aljihu kuma alamomin tushe suke bi. Bayan giwa akwai VIGO a ƙarƙashin kan Sarauniya Anne a 1703, daga ɗan zinaren da aka kwaso a yaƙin mashigin Vigo na Sifen a 1702. Akwai EIC na kamfanin cinikin Indiya a zamanin George na Biyu. Akwai LIMA a 1745, daga dukiyar da aka ƙwato wa Sifaniyawa a teku. Gini tana da 'yan'uwa manya, mai biyu da mai biyar, waɗanda aka daina tun 1753. Mai biyar ta fi giram 41, gefenta rubutu ne, kuma wata mai VIGO ta haura dalar Amurka miliyan ɗaya a gwanjo a New York a 2019. Rubu'in Gini sau biyu kawai aka gwada ta, a 1718 da 1762, mutane suka ƙi ta don ƙanƙantarta tana sa ta ɓata.

In kina da sha'awar ɗorawa a kan ta Baba, shawarata ki fara da sulusin Gini ko rabinta, sun fi sauƙin kuɗi kuma tarihinsu ɗaya. Ki gwammace guda ɗaya mai lafiya a kan uku masu tabo, domin ranar sayarwa mai lafiyar ce ke da masu nema. Kada ki sayi tsohuwar kwandala daga hoto a Facebook ko WhatsApp, komai arharta. Gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans a Landan suna ajiye sakamakon cinikinsu na baya a intanet, ki nemi shekarar taki ki ga abin da aka biya a zahiri, ki kwatanta hotunan da taki. Ki tuna suna cire la'ada daga mai sayarwa, ga kuɗin aikawa da inshora, kuma ki tambayi ƙa'idar fita da zinare daga ƙasa kafin ki sa ta a jaka.

Tunda gado ce, sauran magada suna da haƙƙi a cikinta. Kada a ƙiyasta ta a kan nauyi wani ya ɗauka, daga baya a ji ta fi haka, zumunci ya ɓaci. A tantance tukuna, a san farashinta na gaskiya, sannan wanda ke son riƙe ta ya biya sauran rabonsu. Zinarenta kuma yana shiga lissafin zakka tare da sauran abin da mai ita ya mallaka, sai a tuntuɓi malamai a kan yadda za a ƙiyasta. Kafin nan ki sa ta ita kaɗai a 'yar ambulan ta takarda ko kwalin roba mai tauri, kada ta haɗu da sarƙoƙi da 'yan kunne a gwangwani ɗaya, domin zinare mai karat 22 yana da taushi, gogayya kaɗan ke ƙarce shi. Ki aiko da nauyinta da lambobi biyu na bayan ɗigo, da hoton fuska da baya a hasken rana ba tare da filasha ba, da hoton gefen daidai saman kan sarki, sai in gaya miki matakin da take da kuma ko ta cancanci a kai ta tantancewa.